Mazubin renon dashe: Yadda ake zaɓen wanda ba ya nannaɗe saiwa

Duk shekara idan damina ta kankama, daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta, akan ga motoci da baburan A Daidaita Sahu ɗauke da dashen itatuwa a kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura. Wasu na hukuma ne da ake rabawa makarantu da unguwanni, wasu kuwa na 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ne da suka sayi fili a gida, a Achilafiya ko Roni ko Gwiwa ko Babura, suna son kafa lambun mangwaro ko gwaba domin ranar da za su ajiye aiki. Idan aka koma bayan shekara biyu ko uku, sau da yawa akan tarar da wasu sun bushe, wasu sun tsaya cak ba sa girma, wasu kuma iskar farkon damina ta kwantar da su.

Akuya da gara da ƙarancin ruwa su ne aka saba ɗora wa laifi, kuma suna da nasu kason. Akwai dalili na huɗu da ba a cika gani ba domin yana binne a ƙasa: saiwar da ta nannaɗe tun tana cikin ledar reno. Siffar da saiwa ta ɗauka a watanninta na farko ita take tafiya da ita har tsufan bishiya, kuma mazubin da aka rene ta a ciki shi ne yake ba ta wannan siffa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wurin reno, tanƙwarar takan faru ba da sanin mai reno ba.

Dalilin da ya sa batun ya shafi wannan yanki

Achilafiya tana cikin Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi, a Masarautar Kazaure, arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Damina a nan ba ta wuce watanni uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuma rani ne, da hunturu, da zafin bazara wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Dashen da aka sa a ƙasa a watan Yuli yana da makonni kaɗan ne kawai da zai zura saiwa ta kai ga danshin ƙasa kafin ruwa ya ɗauke.

Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke fuskantar gurgusowar hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman da doka a 2015. Bayan haka akwai shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya. Kusan duk dashen da irin waɗannan shirye-shirye suke rabawa, da wanda ake sayarwa a bakin titunan Kano da Dutse, a cikin baƙar leda ake renonsa. Saboda haka sanin aibin leda da hanyar gyara shi ya zama wajibi ga mai reno da mai saye baki ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin leda

Iri idan ya tsira a fili, uwar saiwa takan miƙe ƙasa kai-tsaye, ƙananan saiwoyi kuma su bazu ta kowane gefe. A cikin leda ko robar da bangonta yake sumul, saiwa tana isa bango sai ta karkata ta bi shi tana zagaye. Uwar saiwa tana kaiwa gindi sai ta lanƙwashe, ta yi ta naɗewa kamar gammo. Wani lokaci kuma takan samu hujin magudanar ruwa ta fice, ta shige cikin ƙasar wurin reno.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da illarsa. Saiwar da ta yi gammo ba ta warwarewa bayan dasawa. Tana ci gaba da kauri a naɗe, har ta kai ga shaƙe gindin bishiyar, ta hana ruwa da abinci wucewa. Irin wannan bishiya ba ta da turke mai ƙarfi a ƙasa, shi ya sa guguwa ke tuge ta da sauƙi bayan ta yi rassa. Wadda ta fice ta huji kuwa tana sa dashe ya yi kore shar ya yi tsawo fiye da 'yan uwansa, domin yana sha daga ƙasa. Ranar da aka ɗaga ledar sai saiwar ta tsinke, dashen ya rasa mafi yawan abin da yake sha da shi a lokaci guda, ya yi yaushi kafin a isa gona.

Ma'anar datsar saiwa

Kan saiwa, wato ɗan farin tsinin da ke gaba, shi ne yake girma, kuma muddin yana raye yana danne fitowar rassa a bayansa. Idan aka cire shi, sai saiwar ta fitar da sababbin rassa da yawa daga baya, kamar yadda zogale ke yin rassa idan aka fille masa kai. Dokta Carl Whitcomb, masanin aikin lambu na Jihar Oklahoma a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan fanni, ya lura cewa mafi yawan rassan suna fitowa ne a cikin kimanin santimita 10 daga wurin da aka datse.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko ita ce yanka da wuƙa ko almakashi ko waya. Ta biyu ita ce datsar iska: a bar kan saiwa ya leƙo waje ta wani huji, busasshiyar iska ta ƙona shi, ya mutu da kansa ba tare da rauni mai faɗi ba. Ta uku ita ce shafa wa cikin mazubi fenti mai sinadarin jan ƙarfe, wanda ke tsayar da kan saiwa da zarar ya taɓa bango. Wannan ta uku ba a saba da ita ba a nan, kuma tana buƙatar taka-tsantsan wajen awo. Sakamakon da ake nema ɗaya ne: dunƙulen ƙasa mai cike da siraran saiwoyi masu fuskantar waje da ƙasa, waɗanda za su kama gona da zarar an dasa.

Ire-iren mazubi

*Baƙar leda.* Ita ce mafi araha, mafi sauƙin samu, kuma tana riƙe danshi. Wadda ake renon itatuwan daji da ita faɗinta kan kai santimita 8 zuwa 10, tsawonta 15 zuwa 20. Ta itatuwan marmari ta fi haka girma. Ba ta datse saiwa da kanta, don haka aikin yana kan mai reno: kowane mako biyu zuwa uku a ɗaga kowace leda, a yanke saiwar da ta leƙo, a sauya mata wuri, a ba ta ruwa nan take. Yin wannan da yamma ya fi, kuma a daina shi kimanin mako biyu kafin dasawa domin dashen ya murmure.

*Leda marar gindi a kan raga.* Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta mayar da leda mai datsar iska. Ana yanke gindin ledar ta zama kamar bututu, a jera a kan gadon ragar waya mai ƙananan idanu da aka ɗaga daga ƙasa da kimanin santimita 30. Uwar saiwa tana isa gindi sai ta haɗu da iska ta tsaya, ta yi rassa a ciki. Maƙerin walda na gari yana iya haɗa gadon, ko a ɗora ragar a kan bulo. Ɗaga dashe daga ƙasa yana kuma rage ɓarnar gara.

*Ledar fiya-wata.* Masu reno da yawa suna tara ta domin kyauta ce, kuma yin haka yana rage shara. Gajeriya ce, tana da kusurwoyi inda saiwa ke cushewa, kuma haske yana ratsa ta. Ta dace da abin da ba zai wuce 'yan makonni a reno ba, kamar zogale da gwanda. Ba ta dace da mangwaro ko tsamiya ko gawo ba.

*Faranti mai gurabe.* Roba ce mai tauri da aka jera wa gurabe masu siffar mazurari, kowane gurbi da buɗaɗɗen gindi da layukan tudu a tsaye a jikin bangonsa. Layukan suna hana saiwa zagaye, su tura ta ƙasa, iska kuma ta datse ta a gindi. An fara yaɗa irinsa a gandun dajin Kanada da Suwidin, Indiya ma ta rungume shi sosai a shekarun 1990. Gurbi ɗaya kan ɗauki mililita 100 zuwa 300 kawai, saboda haka ƙasa kaɗan yake ci, ba shi da nauyin ɗauka, kuma ana amfani da shi shekara da shekaru. Dole ne a ɗora shi a kan gado, in ba haka ba amfaninsa ya tafi.

*Roba mai huji a jiki.* Irin su Air-Pot da ake yi a Sikotilan, da RootMaker na Dokta Whitcomb. Bangonsu yana da ƙusoshi da ramuka kamar farantin ƙwai, kowane rami da huji a ƙarshensa. Saiwa tana shiga rami sai ta bi shi zuwa huji, iska ta datse ta. Su ne suka fi fitar da saiwa mai yawa ta kowane gefe, su ne kuma suka fi tsada da saurin bushewa.

*Jakar yadi.* Ana ɗinka ta da wani kauri-kaurin yadin roba da iska ke ratsawa, kamar Smart Pot na Amurka. Kan saiwa yana maƙalewa a zaren yadin ya bushe. Ruwan da ke tururi ta jikinta yana sanyaya ƙasar ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, abin da baƙar leda ba ta yi. Ta dace da wanda zai ajiye lemo ko gwaba a tsakar gida mai siminti ko a kan bene.

*Kayan gida.* Kwandon kaba, da kwandon roba mai idanu, da tsohon bokiti ko jarka da aka huhhuda jikinsu da ƙusa mai zafi, duk suna yin wani abu na datsar iska idan hujin ya yi yawa kuma an ɗaga su daga ƙasa. Gwangwani da tukunyar ƙasa mai ƙaramin baki su ne ya kamata a guje wa, domin ba a fitar da dashe daga cikinsu sai an wargaza saiwa.

Ruwa da zafi

Duk mazubin da iska ke shiga ta jikinsa, ruwa ma yana fita ta nan. Wannan shi ne babban abin lura ga mai reno a ƙasar Kazaure da Babura, domin renon dashen damina yana faɗowa ne a Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya fi tsanani, rijiyoyi kuma suka ja baya. Ledar da ake ba ruwa sau ɗaya ko biyu a rana, takwararta mai huji ko ta yadi za ta iya neman fiye da haka. Faranti mai ƙananan gurabe yana iya bushewa a yini guda idan aka manta da shi.

Saboda haka tambayar farko kafin sayen mazubi ita ce ta ruwa. Wanda ke kusa da madatsar ruwa ta Kazaure, ko yake da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da mai kula na dindindin, zai ci moriyar faranti mai gurabe ko roba mai huji. Ma'aikacin da ke zaune a Kano ko Dutse, yana leƙa lambu a ƙarshen mako kawai, ya fi masa alheri ya tsaya ga doguwar leda marar gindi a kan raga, wadda bangonta ke riƙe danshi, gindinta kaɗai ke shan iska.

Baƙar leda kuma tana ɗaukar zafi. Layin da ke bakin jeri ta yamma shi rana ta fi duka, har saiwoyin wannan gefe su ƙone. Maganinsa shi ne a matse jerin, a kare gefensa da zana ko katako, a yi rumfar kara da ke barin rabin haske ya wuce. Idan ya rage wata guda a dasa, sai a riƙa janye rumfar da rage ban-ruwa sannu a hankali domin dashe ya saba da rana.

Kowace bishiya da mazubinta

Itatuwan gida irin su gawo, dakwara mai ba da ƙaro, bagaruwa, aduwa, tsamiya da kanya suna dogara ne ga uwar saiwa mai zurfi. Gawo musamman yakan zura saiwa da sauri tun kansa bai taka kara ya karya ba. A wurin irin waɗannan, tsawon mazubi ya fi faɗinsa muhimmanci: a nemi siriri mai zurfin santimita 25 zuwa 30, marar gindi, kuma kada a bar su su daɗe a reno fiye da wata uku zuwa huɗu. Uwar saiwar da iska ta datse a miƙe takan fitar da magada biyu ko uku da za su ci gaba da nutsewa bayan dasawa. Wadda ta lanƙwashe kuwa ta lanƙwashe ke nan. Inda akwai kariya daga dabbobi, shuka irin su kai-tsaye a gona a farkon damina ma hanya ce mai kyau.

Darbejiya da turare suna girma da sauri kuma suna jure datsa, don haka sun dace da faranti mai gurabe ko matsakaiciyar leda. Mangwaro da lemo masu aure sukan shekara ko fiye a reno, suna jiran a yi musu aure ya kama. Su ne suka fi shiga haɗarin gammo, kuma su ne suka fi tsada, saboda haka su suka fi cancantar babban mazubi mai datsar iska, ko a sauya musu leda zuwa mafi girma kafin saiwa ta cika ta farko. Zogale da gwanda suna da saiwa mai taushi da ba ta son taɓawa: a rene su na ɗan lokaci, a dasa da ƙasarsu.

Yanayin gona ma yana da tasiri. A jigawar Babura, inda rairayi ke da zurfi, ruwa yana saurin nutsewa, dashe yana buƙatar saiwar da za ta bi shi ƙasa da gaggawa. A wuraren duwatsu da tsakuwa na Kazaure da Roni da Gwiwa, wani lokaci akan ci karo da marmara kusa da sama. A nan sai an fasa gindin rami da diga, in ba haka ba ramin kansa zai zama wata leda, saiwa ta naɗe a cikinsa.

Ƙasar da ake zubawa

Ga leda, haɗin da aka saba shi ne ƙasar saman gona da yashi da ruɓaɓɓen taki, a tankaɗe. Mazubi mai huji ko marar gindi yana son haɗi mai sauƙi wanda ba ya zubewa kuma ba ya daskarewa: takin da ya ruɓe sarai, da ɓuntun shinkafa da aka ɗan babbaka, ko ɓawon gyaɗa da aka daka ya ruɓe, tare da ƙasa kaɗan. Rairayi zalla zai tsiyaye ta huji, laka zalla kuma za ta toshe iska. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

Duba dashe kafin biyan kuɗi

Mai saye ya ɗaga ledar da hannunsa. Idan ta ƙi tasowa, ko ya ji wani abu ya tsinke, saiwa ta shige ƙasa. Ya duba gindi ko akwai kaurin saiwa da aka yanke kwanan nan. Ya gwada tsawon dashen da na ledar: wanda ya ninka tsawon ledarsa fiye da sau biyu ya daɗe a cikinta, ko da ganyensa ya fi na kowa kyau. Gajere mai kaurin kara ya fi dogo siriri. Wanda zai sayi ɗari ko fiye, ya sayi guda biyu ko uku tukuna, ya tsaga ledar a gaban mai sayarwa, ya wanke ƙasar. Farar saiwa mai rassa da ke fuskantar ƙasa alama ce ta reno mai kyau. Dunƙulen saiwa mai launin ƙasa a naɗe a gindi alama ce ta kwantan bara. Irin wannan akan karya masa farashi, amma araha ba ta ado.

Ranar dasawa

A dasa bayan ruwa mai ƙarfi, da yamma ko a ranar da hadari ya rufe rana. A yanke gindin ledar kimanin santimita 1 zuwa 2 da wuƙa mai kaifi domin a cire abin da ya naɗe, a tsaga ta a tsaye, a cire ta gaba ɗaya. Binne dashe da ledarsa kuskure ne da har yanzu ake yi a wuraren bikin dashen itatuwa. Idan saiwa ta zagaye jikin dunƙulen, a tsaga shi sama-sama a wurare uku ko huɗu. A sa dashe daidai zurfin da yake a leda, a danne ƙasa, a yi masa kwarin tara ruwa, a kewaye shi da ƙaya ko raga.

Gargaɗi ga masu odar kaya

Ɗan kasuwar da ya nemi jakar yadi ko roba mai huji a intanet zai tarar da tallace-tallace da yawa suna haɗa su da noman tabar wiwi a cikin ɗaki, domin a ƙasashe irin su Kanada, wadda ta halasta ta a 2018, masu wannan noma suna cikin manyan masu sayensu. Mazubin kansa kayan lambu ne kamar kowane. Noman tabar wiwi kuwa, a gona ko a ɗaki, laifi ne mai hukuncin ɗauri a Najeriya, kuma Hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke farautar masu yinsa. Mai oda ya tabbata abin da ke cikin kwalinsa mazubi ne kawai, ba tare da wani iri da aka haɗo a matsayin kyauta ba.

Darasi daga Maraɗi

A farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ya ga mafi yawan abin da suke dasawa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen tsofaffin itatuwa masu rayayyar saiwa a ƙasa. Da manoma suka fara barin toho ɗaya ko biyu suna gyara shi, sai ya girma da saurin da dashen leda bai taɓa yi ba, domin saiwarsa ta riga ta kai ga danshi. An ƙiyasta cewa wannan hanya ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Mai gona a Achilafiya ko Babura da ya tarar da tohon gawo ko kalgo ko magarya a filinsa, ya fara da shi, domin babu mazubin da zai ba shi saiwa irin wannan. Abin da babu shi a filin, kamar mangwaro mai aure da lemo da gwaba, shi ne zai nema a wurin reno, kuma a can ya fara duba gindin leda kafin ya duba ganye.